Daga Kabo zuwa Gwarzo: Mun bi sawun sunan da ke jikin takardunmu

A ajinmu na jami'a akwai mutum uku da sunansu ya ƙare da Gwarzo. Ranar da aka kafe jerin sunayen 'yan aji a allon sanarwa, wata abokiyar karatunmu da ta zo daga kudancin ƙasar nan ta tsaya tana dubawa, can sai ta juyo ta ce lallai mahaifin waɗannan ya yi ƙoƙari, 'ya'ya har uku a aji ɗaya! Muka kwashe da dariya, domin su ukun ba su taɓa ganin juna ba sai a layin rajista. Muka ce mata ai Gwarzo sunan gari ne. Sai ta ce, to in gari ne, ina sunan gidansu? Nan fa dariya ta tsaya, kowa ya yi ta kame-kame.

Abin ya tsaya mana a rai. Mun girma muna jin Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa, ba mu taɓa tambayar yadda aka yi gari ya koma sunan mutum ba. Shi ya sa da aka ba da hutu bayan kaka, muka haɗu mu huɗu: biyu daga cikin masu sunan Gwarzo, da ɗaya ɗan Kabo, da ɗaya ɗan cikin birni. Muka ce gani ya kori ji, bari mu je garuruwan da kansu mu ji abin da za su gaya mana.

Sunaye a bakin titi

Da hantsi muka hau mota a wajen Kabuga, muka miƙi titin Gwarzo. Tsakanin Kano da Gwarzo kimanin kilomita 70 ne. Muka wuce Rijiyar Zaki, muka wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero da barikin sojoji na Janguza, sai gidaje suka fara ja da baya, gonaki suka buɗe. An riga an girbe dawa, an jingine kara, shanu na kiwo a cikin gonaki, hazon hunturu kuma ya sa bishiyoyin kuka da ɗorawa sun yi fari-fari daga nesa.

Tun a cikin motar darasi ya fara. Muka riƙa karanta allunan gefen titi, sai muka lura su ma garuruwan aron suna suke yi. Dubi Rimin Gado: ga bishiyar rimi, ga Gado, wanda suna ne da Hausawa ke kiran mutum da shi. Ke nan gari kan ɗauki sunan mutum, bayan shekaru kuma wani mutumin ya zo ya ɗauki sunan garin. Aron juna ake yi, kamar maƙwabta da turmi.

Ɗan cikin birnin namu ya ce mu ƙirga gwamnonin farar hula na Jihar Kano mu gani. Muka fara: Abubakar Rimi a 1979, sai Abdu Dawakin Tofa da Sabo Bakin Zuwo a 1983, sai Kabiru Gaya a 1992, sai Rabi'u Musa Kwankwaso a 1999, sai Abdullahi Umar Ganduje a 2015. Rimi ƙauye ne a ƙasar Sumaila, Bakin Zuwo unguwa ce a cikin birnin Kano, Kwankwaso gari ne a Madobi, Ganduje kuma yana ƙasar Dawakin Tofa. Wani fasinja da ke saurarenmu ya yi murmushi ya ce, "Samari, in kuka ci gaba a haka, kafin mu isa sai kun zagaye jihar nan kaf ba ku sauka daga mota ba."

Kabo: sunan da ya hau sama

Mun ratse daga babban titi muka nufi Kabo, hedikwatar ƙaramar hukumar da ƙidayar 2006 ta ce tana da mutum sama da dubu 150. Ƙasa ce ta manoma, damina da rani, kuma a cikinta ake samun garuruwa irin su Garo da Gude da Durun da Godiya. In ka zauna a Kano ka san ba ka rasa jin wani da ake ce wa wane Garo ko wane Gude.

Amma sunan Kabo ya yi tafiyar da ta fi ta sauran nisa. Marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, shi ya kafa kamfanin jiragen sama na Kabo Air a 1980. Jiragen kamfanin sun yi shekaru suna jigilar fasinja a cikin Nijeriya, sun kuma kai alhazai masu ɗimbin yawa ƙasa mai tsarki, har da manyan jirage ƙirar Boeing 747. Ku duba tafiyar wannan suna: daga gari ya koma jikin mutum, daga mutum ya koma jikin jirgi, har aka karanta shi a filin jirgin Jidda. Mutane da yawa sun san Kabo a matsayin jirgi tun kafin su san akwai garin da ake noma dawa da masara mai wannan suna.

A nan muka yi karo da abin mamaki na farko. Abokinmu ɗan Kabo ya riga mu yin gaba don ya sanar da zuwanmu, mu kuma muka tsaya sayen rake. Da muka tashi bin sa, muka tambayi wasu yara gidansu da cikakken sunan da muka san shi da shi a makaranta, mai Kabo a ƙarshe. Yaran suka dubi juna. Ɗaya ya ce, "Yaya, ai duk nan Kabo ne. Ɗan wane gida ne?" Sai da muka tuna ya taɓa gaya mana kakansa maƙeri ne, muka ce gidan maƙera, nan take suka shige mana gaba har ƙofar zaure.

A cikin gidan ma ba mu ji sunan nasa na makaranta ba. Da yake ɗan fari ne, mahaifiyarsa ba ta kama sunansa sam, saboda alkunya. Kakarsa da wani laƙabi take kiransa, ƙannensa kuwa Yaya suke cewa. Mutum ɗaya, suna huɗu, kuma babu wanda ya rikice. Muka sha fura mai sanyi, muka yi sallar Azahar, muka koma titi.

Gwarzo: inda babu mai suna Gwarzo

Da la'asar sakaliya muka isa Gwarzo. Gari ne na kan iyaka, domin in ka ci gaba da tafiya yamma za ka faɗa Jihar Katsina ta Dayi, ka nufi Malumfashi. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum sama da dubu 180. A Hausa, gwarzo na nufin jarumi, shi ya sa baƙo kan ɗauka kirari ne ake yi wa mai sunan. Abokanmu biyu ba sa gyara wa kowa wannan kuskure, daɗinsa suke ji.

Abin da muka gani a Kabo shi muka sake gani a nan. A cikin Gwarzo ba ka jin ana ce wa kowa wane Gwarzo, don ba zai bambanta shi da kowa ba. Wanda za ka ji an laƙaba wa gari shi ne wanda ya shigo daga Getso ko Kutama ko Lakwaya. In ɗan Lakwaya ya zo Gwarzo, Lakwaya ne. In ya tafi Legas ko Kaduna, ta yiwu ya koma Gwarzo, domin shi ne sunan da aka fi sani. In ya haye zuwa Makka ko Kumasi, ba mamaki ya zama Kano. Ashe wannan suna ba a gida ake raɗa shi ba, sai an bar gida. Sunan yanka ranar bakwai ake samun sa, da rago da goro. Sunan gari kuwa ranar da mutum ya ɗauki jakarsa yake samun sa.

Ɗaya daga cikin abokanmu ya kai mu gaida wani dattijo, abokin kakansa, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya. Muka same shi a kan tabarma a ƙofar gida, da rediyo a gefensa. Bayan mun durƙusa mun gaisa, muka ce, "Baba, tambaya ce ta kawo mu." Ya ce ai matambayi ba ya ɓata.

Ya ba mu labarin yadda ake ɗaukar yara a makaranta a zamaninsa. Ya ce sai ka buɗe rajista ka ga Muhammadu shida, Abdullahi huɗu, Ibrahim uku, duk a aji ɗaya, ga kuma gurbi biyu a takarda, dole a cike na biyun. In ka tambayi yaro sunan mahaifinsa sai ya sunkuyar da kai yana wasa da yatsun ƙafa, domin a tarbiyyar da aka yi masa, kama sunan uba rashin kunya ne. "To ya za ka yi da shi?" in ji Baba. "Sai ka ce, daga ina kake? Wannan kam zai faɗa da ƙarfi. Shi ke nan ka rubuta, ya bi shi har tsufa." Ya ƙara da cewa a makarantun kwana da aikin soja da na ɗan sanda abin ya fi ƙarfi, saboda a can ne ake tara mutane daga garuruwa daban-daban.

Tarihi ya goyi bayan Baba. A Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ɗalibai da yawa da garuruwansu aka san su. Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, Ahmadu Raba ake ce masa a lokacin, saboda a Raba aka haife shi. Ku kuma tuna gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933, wadda Rupert East ya shirya daga Zariya, kuka karanta a darasin adabi. Cikin marubutan da aka buga littattafansu akwai Abubakar Tafawa Ɓalewa mai Shaihu Umar, da Bello Kagara mai Ganɗoki, da Abubakar Imam mai Ruwan Bagaja, da kuma Muhammadu Gwarzo mai Idon Matambayi. Ga sunan garin nan a bangon littafi tun kafin a haifi iyayenmu. Wani abin lura shi ne, Bello Kagara yayan Abubakar Imam ne. Wa da ƙani, amma sunan ƙarshe daban, alhali ga mutum uku a ajinmu da ba su haɗa komai ba suna amsa suna ɗaya.

Ba kuma Turawa ne suka fara kawo mana dabarar ba. Baba ya tuna mana cewa duk wanda ya yi Islamiyya ya san Imamu Buhari da Imamu Tirmizi, kuma Buhara da Tirmiz garuruwa ne da ke ƙasar Uzbekistan ta yau. Malamanmu na da ma in sun rubuta littafi da Larabci sukan sa Alkanawi ko Alkashinawi, wato Bakano ko Bakatsine. Abin da makarantar boko ta yi shi ne ta mayar da al'adar malamai da fatake ta zama ta kowa, ta kuma kulle ta a cikin rajista.

Tun daga lokacin sunan Gwarzo bai daina yawo ba. Alhaji Isma'ila Gwarzo ya riƙe muƙamin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro a zamanin Janar Sani Abacha. Abdullahi Tijjani Muhammad Gwarzo ya yi mataimakin gwamnan Kano daga 2007 zuwa 2011, an kuma rantsar da Aminu Abdussalam Gwarzo a wannan kujera a 2023. Adamu Abubakar Gwarzo ya kafa Jami'ar Maryam Abacha a Maraɗi da Kano. Wanda bai san ƙasar Hausa ba zai ce zuri'a ɗaya ce mai faɗi. Mu kuwa mun san abin da sunan ke shaidawa shi ne gari, ba jini ba.

Yadda abin yake a Ingila

Da daddare, muna zaune wajen mai shayi, hira ta kai mu Ingila, ƙasar da tsarin rajistar ya fito. Su ma ba da sunan dangi suka tashi ba. Bayan mamayar da Normawa suka yi wa ƙasar a 1066 ne manyan masu filaye suka fara gadar da suna, a hankali talakawa suka bi, har zuwa wajen shekarar 1400 yawancin gidaje suka samu sunan da ɗa ke gada daga uba.

Kuma daga inda muke samo namu, nan suka samo nasu. Wani daga sana'a: Smith, sunan da ya fi kowane yawa a Ingila, maƙeri yake nufi, Taylor kuma tela. Wani daga uba: Johnson ɗan John ne, kamar yadda muke cewa ɗan wane. Wani daga kamanni, irin su Dogo da Jatau a wajenmu. Wani kuma daga wuri: sunan George Washington, shugaban Amurka na farko, daga wani ƙauye yake a arewa maso gabashin Ingila. Ko a Kano akwai sunan Ingila da masu kallon fina-finan Hausa suka saba ji, wato Booth, wanda asalinsa daga arewacin Ingila ne, kuma bukka ko rumfa yake nufi.

To me ke sa wani suna ya yi yawa, wani ya yi ƙaranci? Kowane gari yana da maƙeri, don haka Smith ya tsiro a wurare da yawa lokaci guda. Amma sunan da ya fito daga ƙauye ɗaya tak, masu shi ba sa yawa, kuma sau da yawa za ka same su ba nesa da ƙauyen ba ko bayan ɗaruruwan shekaru. Haka yake a wajenmu. Musa da Ibrahim sun cika duniya, daga Dakar har Jakarta, amma duk inda ka ga Getso ko Gude a jikin takarda, ka san igiyar tana komawa wuri ɗaya a yammacin Kano.

Bambancin kawai shi ne, su sun daɗe da mayar da abin gado, mu kuwa yanzu muke kan hanya. Gidaje irin na Ɗantata da Bayero da 'Yar'aduwa sun riga sun zama sunan zuri'a. Yau akwai yaran da aka haifa a Abuja ko Landan suna amsa Gwarzo ko Kabo, alhali ba su taɓa shan ruwan garin ba. Abin da ya ɗauki Ingila ɗaruruwan shekaru yana faruwa a gabanmu, kuma kwamfuta ce ke gaggauta shi.

Abin da ya shafe ku, ƙannenmu

A nan ne ɗaya daga cikin abokanmu ya ajiye kofin shayinsa ya ba mu labarin da bai taɓa ba mu ba. Ya ce a takardar firamare sunansa ne da na mahaifinsa kawai. Da ya shiga sakandare ya ƙara Gwarzo, don ya ga yayyensa suna yi. Ranar cike fom ɗin katin ɗan ƙasa kuma ƙwallo ta ɗauke masa hankali, ya bar wa wani yaron shagon intanet ya cike masa. Yaron ya sa Gwarzo a gurbin sunan uba, ya kuma rubuta Mohammed maimakon Muhammad. Bai damu ba, sai da wata damar tallafin karatu ta fito, aka jera takardunsa aka ga kamar na mutum uku ne. Ya yi makonni yana zirga-zirgar takardar rantsuwa a kotu da sanarwa a jarida, kuɗin da mahaifinsa ya samu daga buhun masara ya tafi a haka. Kafin ya gama, an rufe karɓa. Ya ce bai ga laifin kowa ba sai nasa.

A gida kana iya amsa suna huɗu, kowa ya gane ka. Kwamfuta ba ta san alkunya ba, ba ta san laƙabi ba, harafi ɗaya ya bambanta sai ta ce ba kai ba ne. Tun 2021 hukumar JAMB ta wajabta lambar katin ɗan ƙasa ga duk mai son yin rajistar jarrabawarta, ga kuma WAEC da NECO, ga banki, ga fasfo. Saboda haka, kafin ku cike fom na gaba, ku zauna da iyayenku ku tsayar da suna ɗaya: wanne ne na farko, wanne ne na tsakiya, wanne ne na ƙarshe, kuma da waɗanne haruffa. Ku rubuta a takarda ku adana. Kada ku bar wa kowa ya cike muku ba ku karanta ba, ko da layi ya yi tsawo. Rigakafi ya fi magani.

In kun zaɓi ku ɗauki sunan garinku, ku sani kaya ne kuka ɗauka. Ranar da aka kira ku karɓar kyauta, garin aka kira. Ranar da aka kafe sunayen waɗanda aka kama da satar amsa, nan ma garin aka kafe.

Washegari da muka koma yi wa Baba sallama, ya ce kafin mu tafi kowa ya faɗi sunayen kakanninsa na wajen uba, iya inda ya sani. Biyu daga cikinmu suka tsaya a kan kaka, ɗaya ya kai kakan uba da ƙyar. Baba ya girgiza kai ya ce, "Kun ga illar abin ke nan. Gari yana nan, kowa zai nuna muku hanyarsa. Amma sunan kakan kakanku, in tsofaffin gidanku suka tafi, wa za ku tambaya?"

A motar dawowa babu wanda ya ƙirga gwamnoni. Abokinmu ɗan Kabo ya ciro littafin rubutu, ya kira kakarsa a waya, tana faɗa yana rubutawa, kafin mu kai Rimin Gado ya samu suna biyar. In an koma makaranta, shafin nan za mu fara nuna wa abokiyar karatunmu. Ku ma hutu na tafe, kuma akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku da ke jiran a tambaye su.